Wane Ɗan Wane: Yadda Ake Riƙon Takardu Masu Kama da Juna a Kwamfuta

Ƙofar Dundaye na cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, kuma ta samo sunanta daga garin Dundaye da ke ƙaramar hukumar Wamakko, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Jami'ar, wadda aka kafa a 1975, ta ƙara wa garin masu yawo da takarda: ɗalibai, malamai, ma'aikatan ofis, da iyayen da ke bin 'ya'yansu da fayil a hammata. Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta, a wannan yanki ko a wata unguwa ta birnin, ya san yawancin abin da ake bugawa ba sabon rubutu ba ne. Takardar rantsuwar shekaru ce, yarjejeniyar hayar shago ce, takardar cinikin fili ce, shaidar saukar Alƙur'ani ce ta wata Islamiyya, wasiƙar gabatar da ɗalibi ce, katin ɗaurin aure ne. Kowace tana da 'yan'uwa masu kama da ita kamar an tsaga kara. Bambancinsu suna ne, ko kwanan wata, ko adadin kuɗi, ko sakin layi ɗaya da ake sa wa wani a cire wa wani. Tambayar ita ce yadda za a riƙe irin waɗannan takardu ba tare da sun rikice wa mai su ba.

Yadda aka saba yi kowa ya sani. A buɗe ta jiya, a goge sunan mutumin jiya, a sa na yau, a adana da sabon suna. Kafin a ankara folda ta cika: haya, haya sabo, haya na Alhaji, haya na ƙarshe, haya na ƙarshe da aka gyara. Dabarar tana da sauri, ba ta buƙatar koyo, kuma a ranar farko ba a ganin aibinta. Sai a hankali yake fitowa, ta fuska biyu.

Ta farko ita ce ragowar mutumin jiya. An canza suna a sama, an manta yana nan a shafi na biyu. An canza kuɗin haya a lambobi, an bar shi yadda yake a kalmomi, sai takarda ɗaya ta fito da farashi biyu, ranar da rigima ta tashi kuma kowa ya kama wanda ya yi masa daɗi. A lokacin walimar sauka, irin wannan musaya ba baƙuwa ba ce a gaban teburin mai bugu:

"Malam, wagga takarda ba ta ɗiyata ba ta."

"Ranka ya daɗe, duba da kyau, ga sunanta nan."

"Suna dai nata na. Karanta ƙasa. An ce ya sauke, an ce Allah ya yi masa albarka. Ɗiya mace ag gare ni, Malam."

Ba sakaci kaɗai ya jawo wa mai bugun wannan kunya ba. Hausa ba ta barin jinsi ya ɓuya. Idan mace ta maye gurbin namiji a takarda, ba suna kaɗai ke sauyawa ba: ya ya koma ta, yana ya koma tana, zai ya koma za ta, mahaifinsa ya koma mahaifinta, ne ya koma ce, ɗalibi ya koma ɗaliba, ɗan wane ya koma 'yar wane, Malam da Alhaji su koma Malama da Hajiya. Idan kuwa magada ne da yawa ke sayar da gida, sai a koma sun da suna da za su. A takarda mai shafi biyu wuraren sauyin na iya kai ashirin. Wanda ya ce zai yi wayo ya umarci kwamfuta ta maye duk "ya" da "ta" a bugu ɗaya zai tarar yara sun zama tara, haya ta zama hata, yarjejeniya ta zama tarjejenita. Ko da ya taƙaita umarnin ga cikakkiyar kalma, "ya" ɗin da ke nufin mai gida zai sauya tare da wanda ke nufin ɗan haya. Don haka mai rubutu da Hausa ya fi mai rubutu da Turanci buƙatar rubutu mai sharaɗi, ko da yake ba shi masu ƙera manhaja suka yi wa tanadi ba.

Fuska ta biyu ta fi shiru kuma ta fi ɓarna. Ita ce ranar da wani abu da ke cikin dukkan takardun ya canza. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Ɗan kwangilar da ke da takardun farashi talatin, kowace a fayil ɗinta, sai ya buɗe talatin ɗin ya gyara. A zahiri ba ya yin haka. Yana gyara wadda ya buƙata a ranar, sauran su kwanta da tsohuwar lamba har ranar da za a ciro ɗaya cikin gaggawa. Haka makarantar da ta sauya lambar asusun banki, ko ofishin da ya sami sabon shugaba. Bayan shekara biyu babu wanda zai iya rantsuwa a kan wane fayil ne ke ɗauke da gaskiya.

A ganina nan ne tushen maganar. Ciwon ba yawan bugu ba ne. Ciwon shi ne bayani ɗaya ya zauna a wurare da yawa. Maganinsa kuma shi ne a sami uwar takarda guda, duk jimlar da kowa ya yi tarayya a cikinta ta zauna a nan sau ɗaya, duk abin da ke bambanta a ware shi a ba shi suna, sannan a riƙa fitar da na kowa daga uwar. Wadda aka fitar ba a gyara ta da hannu. In an ga kuskure, a koma wa uwar a gyara a sake fitarwa.

Wannan tunani ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma almajiran fiƙihu sun san shi. Malaman Musulunci suna da fanni guda na rubuta takardun shaida, ilmin wasa'iƙ da shuruɗɗa. Ibn al-Aɗɗar na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1009, ya tara samfuran takardun ciniki da aure da haya a littafi, haka ma al-Wansharisi, malamin Malikiyya da ya rasu a Fas a 1508, ya yi rubutu a kan ƙa'idojin fannin. Tsarin irin waɗannan littattafai shi ne a kawo samfur da gurabe a buɗe, wane ɗan wane ya sayar wa wane ɗan wane abu kaza a kan kuɗi kaza, sannan a bi shi da bayanin abin da za a ƙara ko a rage idan wakili ne ya yi cinikin, ko dukiyar maraya ce, ko biyan a jinkirce ne. A nan gida ma, wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, suna nuna magatakardan fada suna bin tsari sananne: buɗewa da sunan Allah, daga wane zuwa wane, gaisuwar da ta dace da matsayin mai karɓa, sannan saƙon. Gurbi da sharaɗi ke nan. Abin da kwamfuta ta ƙaro shi ne ta cike gurbin da kanta, ta kuma bi sharaɗin ba tare da gajiya ba.

A farkon shekarun 1980 manhajar WordStar tana da abokiyar aiki mai suna MailMerge da ke cike sunaye a wasiƙu. Kamfanonin da ke rubuta littafin jagora ga na'urori iri-iri sun daɗe suna amfani da FrameMaker, wanda ke ba da damar a yi wa jimla alama a ce wannan ta samfur kaza ce kaɗai, ko tsarin DITA da ya fito daga IBM ya zama ma'auni na duniya a 2005. Waɗannan sun fi ƙarfin buƙatar shago ko ofishin makaranta. Abin da ke kan teburinmu shi ne Microsoft Word, wanda ba shi da maɓalli guda na rubutu mai sharaɗi, amma yana da kayan haɗinsa a warwatse, sai kuma LibreOffice Writer, wanda yake da shi kai tsaye amma masu amfani da shi a nan ba su da yawa.

Kafin a taɓa kowane maɓalli akwai aikin da ake tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. A tattaro duk kwafin da ke akwai a gwada su da juna. Word yana da umarnin Compare a sashen Review, wanda ke ɗaukar fayil biyu ya nuna kowace kalma da suka saɓa. Wanda ya yi wannan da tsofaffin yarjejeniyoyin haya zai sha mamaki. Wasu bambance-bambancen gurabe ne kawai, suna da adireshi da kuɗi. Wasu zaɓi ne na gaske, kamar sharaɗin hana ajiye fetur da ya shafi shago bai shafi ɗaki ba. Amma kaso mai yawa babu wanda ya nufe su: wani yaron shago ya goge jimla bisa kuskure shekarun baya, aka ci gaba da kwafa daga nan, wata takarda ta ce wata ɗaya na sanarwar tashi, wata ta ce wata uku. Irin wannan ba mai bugu ke yanke hukunci a kansa ba. Mai takardar ne, ko lauyansa, ko shugaban makaranta, zai zauna ya ce wannan ce maganarmu. Sai an sami wannan matsaya ake da uwar takarda.

Idan takardun gajeru ne kuma masu karɓa da yawa, kamar shaidar sauka ta ɗalibai 60 ko wasiƙar kuɗin makaranta ga iyaye 300, hanyar ita ce haɗa takarda da jadawali, abin da Word ke kira Mail Merge a sashen Mailings. Ana buɗe jadawali a Excel, kowane mutum da layinsa a kwance, kowane irin bayani da rukuninsa a tsaye: suna, sunan mahaifi, jinsi, aji, kuɗi. A uwar takarda, inda za a rubuta suna sai a dasa gurbin suna. A ƙarshe Word ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya ya fitar da takardar kowa. Sharaɗi yana shigowa ta umarnin IF, wanda ake samu a ƙarƙashin Rules. Ma'anarsa: idan rukunin jinsi ya ce mace, rubuta "ta", in ba haka ba rubuta "ya". Ana iya sa cikakken sakin layi a ciki, misali gargaɗin biyan bashi da zai fito wa wanda ake bi kaɗai, ya ɓace ga wanda ya biya. Mai son rubuta umarnin da hannunsa ya sani cewa bakan nan biyu masu lanƙwasa da ke kewaye shi ba a buga su daga kibod kamar sauran alamomi. Sai an danna Ctrl da F9 tare. Alt da F9 ke nuna umarnin ko ya ɓoye shi. Mutane da yawa a nan suke karaya, sun kwafi umarni daidai harafi da harafi amma ya ƙi aiki, alhali bakan ne ba na gaske ba.

Akwai tarko a cikin "in ba haka ba" ɗin nan da ya kamata a tsaya a kansa. Word yana bambanta babban harafi da ƙarami wajen gwada kalma. Idan sharaɗin ya ce mace, amma a jadawali wani ya rubuta Mace, ko ya rubuta M, ko ya bar gurbin fayau, kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta ɗauka namiji ne ta wuce, mu koma gidan jiya da mahaifin nan na walimar sauka da ɗiyarsa. Rigakafin biyu ne. A Excel a ɗaure rukunin jinsi da jerin zaɓi, ta yadda ba za a iya shigar da komai ba sai mace ko namiji. A takardar kuma a yi sharaɗin hawa biyu, wanda in bai ga ko ɗaya ba zai buga DUBA JINSI da manyan haruffa a tsakiyar jimla. Gara kuskure mai ihu da wanda ya yi shiru.

Duk da haka, shawarata ga mai aiki da Hausa ita ce kada ya cika takardarsa da umarnin IF ashirin. Karanta su wahala ne, gyara su kuma ya fi wahala. Ya mayar da hukuncin cikin Excel. Ya buɗe rukuni na ya ko ta, na masa ko mata, na ɗalibi ko ɗaliba, na laƙabi, kowanne da ɗan lissafin da ke duba jinsi ya cike kansa. A nan ido yana ganin sakamakon kowane mutum a jere kafin a ɓata takarda ko ɗaya, kuma Excel ba ya damuwa da girman harafi wajen gwadawa. Laƙabi ma dai ba abin barin lissafi ba ne. Ba kowane namiji ne Alhaji ba, kuma a garin da ke da sarautu da malamai kamar Sakkwato, kuskuren laƙabi a katin gayyata na iya jawo ɓacin ran da ya fi kuɗin bugun. Wannan rukuni da hannu ake cike shi, bayan an tambaya.

Jadawalin kansa yana da halayen da sai an sani. Lambar wayar Najeriya tana da alƙaluma 11 kuma da sifili take farawa. Excel yana ɗaukar ta adadi ya jefar da sifilin, sai an gaya masa rukunin rubutu ne tun kafin a shigar. Kuɗi kan tsallako zuwa Word ba waƙafi, miliyan ɗaya da rabi ta fito 1500000, mai karatu ya tsaya ƙirga sifili. Kwanan wata kan fito a tsarin Amurka, wata kafin rana, ta yadda 3 ga Afrilu za ta iya karantuwa 4 ga Maris. Dukkansu ana gyara su da ƙarin umarnin tsari a cikin gurbin, ko a mayar da su rubutu tun daga Excel. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, suna wucewa lafiya daga fayil na Excel, amma idan aka adana jadawalin a tsarin CSV ba tare da zaɓar UTF-8 ba sai su koma alamar tambaya, Ɗahiru ya rasa harafinsa na farko. Sai a kuma tabbatar irin rubutun da aka zaɓa yana da waɗannan haruffa, don kada su fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma.

Kwanan wata na da wata matsala da ta fi waɗannan. Word yana da kwanan wata mai sabunta kansa, wanda duk ranar da aka buɗe fayil yake komawa na ranar. A wasiƙar yau da kullum alheri ne. A yarjejeniya masifa ce, domin takardar da aka ƙulla bara za ta nuna yau idan aka buɗe ta don kafa hujja. Kwanan Hijira kuwa, a Najeriya ganin wata da Sarkin Musulmi ya sanar shi ake bi, lissafin kwamfuta na iya saɓa masa da kwana guda. A rubuta shi da hannu a jadawali.

Wani lamarin dabam ne idan takardar doguwa ce kuma ire-irenta kaɗan ne. Malami yana da jarrabawa da yake son kwafin ɗalibai da kwafin masu maki mai amsoshi. Makaranta tana da littafin dokoki na firamare da na sakandare, kashi mafi yawa iri ɗaya. Ƙungiya tana da takardar wayar da kai da za a raba a Illela a kuma tsallaka da ita Birnin Ƙonni, inda kuɗi sefa ne ba naira ba, sunayen hukumomi ma dabam. A nan ba jerin mutane ake buƙata ba, makunni ake buƙata: wuri ɗaya da za a rubuta "malami" ko "ɗalibi", takardar gaba ɗaya ta bi.

A Word ana yin makunnin da bayanin da ake maƙala wa fayil a cikin Properties, a ba shi suna, sannan umarnin IF ya riƙa duba shi ta gurbin DOCPROPERTY. Yana aiki, amma ba ya sabunta kansa. Bayan an juya makunnin sai an zaɓi duka da Ctrl da A an danna F9, kuma wannan ba ya kaiwa ga rubutun saman shafi da na ƙasansa da na cikin akwatuna, sai an bi su ɗaya-ɗaya. A nan ake samun jarrabawar da jikinta na ɗalibai ne amma kanta na cewa kwafin malami. Akwai kuma INCLUDETEXT, wanda ke jawo sakin layi daga wani fayil, ta yadda sharuɗɗan da takardu goma suka yi tarayya a kai za su zauna a fayil ɗaya. Tunanin mai kyau ne, sai dai yana riƙe adireshin fayil ɗin ne, mu kuwa aikinmu a filas yake yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Filas ɗin da yake E a ofis ya zama F a shago, haɗin ya tsinke, saƙon kuskure ya zauna inda sharaɗi yake. Ya dace da ofishin da ke da kwamfuta guda mai zaman dindindin.

LibreOffice Writer, wanda ya ɓalle daga OpenOffice a 2010, kyauta ne kuma ba ya buƙatar intanet bayan an saka shi. A wannan fage ya fi Word sauƙi. Ana zaɓar sakin layi ko shafuka, a mayar da su sashe, a ce a ɓoye wannan sashe idan makunni ya ce kaza. Yana da rubutu mai sharaɗi na cikin jimla, da sakin layi mai ɓuya, duk a taga guda da Ctrl da F2 ke buɗewa. Ga malamin da ke da littafi mai fuska biyu, shi zan nuna masa. Sharaɗinsa ɗaya: uwar takardar ta zauna a tsarinsa na odt. Da zarar an adana ta a tsarin Word an buɗe a can, ba a da tabbacin sharuɗɗan za su tsira. Ba kuma kowane bambanci ya cancanci sharaɗi ba. A Nijar ana rubuta ƴ inda muke rubuta 'y. Wannan sauyi ne da ake yi a kan kwafin da aka riga aka fitar, a bugu ɗaya, ba abin dasa wa makunni a kowace kalma ba.

Saura hanyar da ta fi kowace jan hankali saboda sauƙinta, wadda kuma na fi tsoro: ɓoyayyen rubutu. A Word ana iya yi wa amsoshin jarrabawa salo guda, a ce salon ya ɓuya, amsoshi su ɓace daga allo da takarda. Amma suna nan cikin fayil ɗin. Duk wanda ya danna maɓallin nuna alamomin sakin layi zai gan su. Bugu da ƙari, zaɓin buga ɓoyayyen rubutu yana zaune ne a kwamfutar da ake bugu da ita, ba a cikin fayil ba, don haka malamin da ya kai fayil shago bai san yadda aka saita ta can ba. Manya ma sun faɗa irin wannan rami. A watan Oktoban 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton Detlev Mehlis kan kisan tsohon firaministan Labanan Rafik Hariri a fayil na Word, 'yan jarida suka duba tarihin gyare-gyaren da ke ciki suka ga sunayen manyan jami'an Siriya da aka cire daga rubutun ƙarshe. Abin da aka ɓoye ba a goge shi ba. Wannan ya shafi umarnin IF da sashe mai ɓuya ma: uwar takarda tana ɗauke da dukkan zaɓuɓɓuka, har da farashin da ake yi wa wani abokin ciniki ba a yi wa wani. Saboda haka uwa ba ta fita daga hannun mai ita. Abin da ke fita PDF ne ko takarda bugaggiya. In dole sai an ba da fayil mai gyaruwa, a yi kwafi, a zaɓi duka a danna Ctrl da Shift da F9 don gurabe su zama rubutu zalla, a kuma bi shi da Inspect Document ya share ɓoyayyun abubuwa.

Jadawalin ma amana ne. Sunayen yara, lambobin wayar iyaye, wanda ake bi bashi da wanda ya biya, duk a fayil guda da ake mantawa a kan allon kwamfutar shago. Tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai, amma ko babu doka, makarantar da ta bar jerin masu bashinta a inda kowa zai buɗe ta tozarta iyayen da suka amince da ita.

Masu shakka a kan duk wannan suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Sharaɗi yana haihuwa. Kowane zaɓi na e ko a'a yana ninka adadin fuskokin takarda: sharaɗi 3 fuska 8, sharaɗi 5 fuska 32, sharaɗi 10 fuska 1,024. Babu mai karanta fuska dubu ya tabbatar kowace ta yi ma'ana, kuma lambobin sakin layi da ishara irin ta "duba sharaɗi na 7" sukan goce idan wani sashe ya ɓuya, sai in lambobin masu lissafa kansu ne. Idan takardu biyu sun saɓa a kusan rabinsu, ba iri ɗaya ba ne. A raba su kowace da uwarta. Wanda ke rubuta wasiƙa uku a shekara ba ya buƙatar komai daga abin da aka faɗa. Sannan ga halin da ake ciki: aiki da yawa ya koma kan waya, Word na waya kuma ba ya haɗa takarda da jadawali. A shago ana biyan kuɗi ne a kan shafi, don haka yinin da aka kashe wajen gina uwar takarda babu mai biyansa nan take. Mafi muni, ilmin yakan zauna a kan yaro ɗaya. Ranar da ya sami gurbin karatu ya haye Dundaye, ya bar maigidansa da fayil cike da baka masu lanƙwasa da ba mai iya taɓawa, a koma kwafa da gogewa.

Wannan na ƙarshe yana da magani mai arha. Folda guda ga kowace irin takarda, a ciki uwa da jadawalinta da shafi ɗaya na bayani da Hausa: ga makunni, ga abin da kowane rukuni ke nufi, ga maɓallan da ake dannawa, ga ranar da aka yi gyara na ƙarshe da wanda ya amince da shi. A kulle uwar ta zama ta karatu kawai, a ajiye kwafinta a wani wuri saboda ƙwayar cutar filas da ɗaukewar wuta. A saman jadawali kuma a bar layukan gwaji: mace, namiji, mai dogon suna, mai suna da ƙ da ɗ, wanda aka bar wa gurbi fayau. Duk lokacin da aka taɓa uwar, a fitar da waɗannan a karanta su da ido kafin a saki firinta.

Kirana ga cibiyoyin koyar da kwamfuta na Sakkwato shi ne su daina tsayawa a kan saurin bugu da ƙawata kanun takarda, su sa haɗa takarda da jadawali cikin darasin makonnin farko, da misalan Hausa masu ya da ta. Shugabannin makarantu da masu shaguna kuma kada su ce sai sun gyara komai lokaci guda. Su zaɓi takarda ɗaya da suka fi bugawa, su tattaro kwafinta, su tsayar da magana guda, su gina mata uwa kafin lokacin walima ko na karɓar kuɗin zango mai zuwa.